Erskine Childers: Baturen da ƙaramin jirgin ruwa ya ɗaukaka, siyasa ta tsayar da shi gaban bindiga

A tarihin ƙasar Ailan mutane da yawa sun rasa ransu wajen neman ’yanci, amma da wuya a sami wanda labarinsa ya ɗaure kai kamar na Robert Erskine Childers. A Landan aka haife shi. Ya yi wa majalisar dokokin Birtaniya aiki shekara 15, ya je mata yaƙi sau biyu, har ta ba shi lambar yabo. Shi ɗin ne kuma ya ɗauko bindigogi 900 a cikin jirginsa na shaƙatawa ya kai wa masu neman ƙwace Ailan daga hannun Birtaniyar. A ƙarshe kuwa ba Ingila ce ta kashe shi ba, sabuwar gwamnatin Ailan ce ta sa aka harbe shi a 1922.

Mai son gane wannan mutum sai ya fara da jiragensa. Ba manyan jirage masu inji ba, a’a, ƙananan jiragen katako masu ƙyalle, waɗanda iska ke turawa, irin da mutum ɗaya ko biyu ke bin gaɓar teku da su. A cikinsu ya koyi abin da ya sa duniya ta san shi, kuma da ɗaya daga cikinsu ya yi aikin da ya juya rayuwarsa.

Maraya mai gida biyu

An haifi Childers ranar 25 ga Yuni, 1870. Mahaifinsa, Robert Caesar Childers, Bature ne masanin harsuna, wanda ya yi aiki a tsibirin Silon, wato Sri Lanka ta yau, ya kuma rubuta ƙamus na harshen Pali. Mahaifiyarsa Anna ’yar gidan Barton ce, masu gonaki a yankin Wicklow na Ailan. Yana da shekara shida tarin fuka ya kashe uban. Uwar ma ta kamu, aka keɓe ta daga ’ya’yanta, daga baya ita ma ta rasu. Sai dangin uwa suka riƙe yaran su biyar a gidansu da ake kira Glendalough House. Ku riƙe sunan gidan nan, za mu dawo gare shi.

Ka ga tun yana yaro yana da gida biyu: hutu a Ailan, karatu a Ingila. Ya yi makarantar Haileybury, ya wuce jami’ar Kambirij inda ya karanta tsofaffin harsunan Turai da kuma shari’a. A lokacin ra’ayinsa irin na ’ya’yan manyan Ingila ne, wato daular Birtaniya alheri ce, Ailan kuma ta zauna yadda take. Ya sami ciwon jijiya a ƙafa wanda ya bar shi da ɗan ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa. A 1895 ya kama aikin akawu a majalisar wakilai ta Birtaniya. Aikin yana da wani daɗi guda: in majalisa ta tafi hutu, sai a yi watanni ba a neme shi ba. Waɗannan watannin a kan ruwa yake cinye su.

Jirgin da ba shi da kyan gani

A zamanin nan wasan jirgin ruwa na masu hannu da shuni ne. Attajiri zai sayi ƙaton jirgi, ya ɗauki matuƙa da kuku da masu goge tagulla, shi kuma ya kishingiɗa. Amma akwai wasu ’yan tsiraru da suka ce su da hannunsu za su yi komai: su ɗaga ƙyalle, su ja anka, su dafa abincinsu, su karanta taswira. Childers a cikinsu yake. Shi da wansa Henry suka fara, sannan ya sami wani ɗan jirgi mai suna Marguerite wanda tsawonsa bai kai mita 6 ba, ya riƙa yawo da shi a bakin kogin Thames, wani sa’i shi kaɗai.

A 1897 ya sayi Vixen. Asalinsa jirgin ceto ne da aka yi wa kwaskwarima, aka kafa masa ɗaki da sandar ƙyalle, tsawonsa kamar mita 9. Ba shi da kyau, ba shi da gudu, ɗakinsa kuma mutum ba ya iya miƙewa tsaye sosai. Amma yana da abu ɗaya da manyan jirage ba su da shi: cikinsa ba ya nutsewa can ƙasa. Maimakon dogon ƙashin ciki da ke hana jirgi shiga ruwa mara zurfi, shi wani faranti gare shi da ake saukarwa ta tsakiya. In ana cikin ruwa mai zurfi sai a sauke shi don kada iska ta riƙa jan jirgin gefe. In an zo inda ruwa bai kai ƙirjin mutum ba, sai a janye shi sama a wuce. In ma ruwan ya tafi gaba ɗaya, jirgin ya zauna a kan yashi ba tare da ya kife ba.

Da wannan jirgi ya tsallaka zuwa gaɓar Holan da Jamus a wannan shekarar, Henry ya same shi a hanya, suka yi watanni har suka shiga tekun Baltik. Inda ya fi ɗauke masa hankali shi ne bayan tsibiran Frisiya ta Gabas, tsibirai bakwai da suka jeru a arewacin Jamus, irin su Borkum da Juist da Norderney. Tsakaninsu da gaɓa akwai wani fili wanda shi ba teku ba, shi ba tudu ba. Sau biyu a kowace rana teku takan cika ta rufe shi, sau biyu kuma ta janye ta bar yashi da taɓo iyakar ganin ido, sai ’yan rafuka masu karkace-karkace. Mutanen wurin suna kafa rassan itace a cikin taɓo don nuna hanya. Hanyar kuma ba ta tsayawa wuri guda, guguwar sanyi ɗaya ta isa ta sauya ta, taswirar bara ta zama ƙarya.

A irin wannan wuri ƙarfi ba ya aiki, sai lissafi. Matuƙi zai san ƙarfe nawa ruwa zai cika, ya jefa igiya mai darma a ƙarshe ya auna zurfi, ya duba kamfas, ya duba launin ruwa. In ya makara da rabin sa’a, to sai haƙuri, zai zauna a kan yashi har teku ta dawo. In kuma iska ta taso yana zaune a mummunan wuri, igiyar ruwa na iya farfasa jirgin. Childers ya sha zama a kan yashin nan, ya kuma rubuta abin da ya gani a littafin tafiyarsa.

Littafin da ya tsorata Ingila

Da yaƙi ya ɓarke a Afirka ta Kudu tsakanin Birtaniya da Turawan Bowa, sai ya sa kansa. A 1900 ya tafi a matsayin ƙaramin soja mai kula da dawakan da ke jan igwa. Wasiƙun da ya riƙa aikowa gida aka haɗa suka zama littafinsa na farko.

Amma wanda ya fitar da sunansa shi ne The Riddle of the Sands, da ya fito a 1903. Ƙagaggen labari ne na wasu samari biyu ’yan Ingila, Carruthers ma’aikacin ofishin harkokin waje mai son jin daɗi, da Davies wanda bai san komai ba sai jirgi. Jirginsu sunansa Dulcibella, sunan ’yar’uwar marubucin ke nan, siffarsa kuwa ta Vixen ce sak. Suna cikin yawo a bayan tsibiran nan sai suka gano Jamus na shirin ɓoye: za ta fito da sojoji ta ƙananan mashigun ruwa na gaɓar, a cikin faffaɗan kwale-kwale marasa zurfi da jiragen ja za su ja, ta sauke su a gabashin Ingila ba zato ba tsammani. Wurin da masu karatu suka fi tunawa shi ne inda samarin suka tuƙa ɗan kwale-kwale cikin hazo zuwa tsibirin Memmert, ba sa ganin gabansu, da agogo da kamfas da sandar auna ruwa kawai.

Abin da ya ba littafin ƙarfi shi ne komai na cikinsa ana iya binsa a taswira. Sunayen garuruwa na gaske ne, lokutan cikar teku sun yi daidai. Ya fito kuma a lokacin da Jamus ke gina rundunar ruwa don ta yi gogayya da Birtaniya, saboda haka mutane suka karanta shi kamar gargaɗi. Har yau ana lissafa shi cikin littattafan farko na labarin leƙen asiri a Turanci, kuma a 1979 an yi fim ɗinsa. Wani abin lura: mugun cikin labarin, Dollmann, tsohon hafsan sojan ruwan Ingila ne da ya koma yi wa wata ƙasa aiki. Bayan shekara goma sha wani abu, irin wannan zargin ne mutanen Ingila za su jefi marubucin da shi.

Kyautar aure

A ƙarshen 1903 ya kai ziyara Boston a Amurka, ya haɗu da Mary Osgood, wadda aka fi sani da Molly, ’yar wani likita. Aka ɗaura musu aure a Janairun 1904. Molly ta sami rauni a ƙugu tun tana ƙarama, tafiya na ba ta wahala, amma a kan jirgi ta zama gwana wajen riƙe matuƙi. Iyayenta suka ba su kyautar jirgi, aka sa masa suna Asgard. Colin Archer ne ya zana shi ya gina a garin Larvik na Norwe a 1905, wato mutumin da ya gina Fram, jirgin da Nansen ya shiga ƙanƙarar arewacin duniya da shi. Asgard ya fi Vixen girma, kusan mita 15 da rabi, sandar ƙyalle biyu, amma shi ma ba inji, kuma mutane kaɗan sun isa su tuƙa shi.

A shekarun nan ne ra’ayinsa ya fara juyawa. A 1908 shi da ɗan kawunsa Robert Barton suka zagaya karkarar Ailan a mota suna duba ƙungiyoyin manoma. Talaucin da ya gani ya sa ya yarda cewa ’yan Ailan su ya kamata su riƙe al’amuransu. A 1910 ya ajiye aikin majalisa, a 1911 ya fitar da littafi yana goyon bayan a ba Ailan mulkin kai a cikin daula.

Bindigogin Howth

A 1914 maganar mulkin kan ta yi zafi. Masu adawa da shi a arewacin Ailan suka kafa rundunar sa-kai, a watan Afrilu suka shigo da dubban bindigogi ta tashar Larne, hukuma ba ta kama kowa ba. ’Yan sa-kai na ɓangaren masu son mulkin kai kuwa, da sanduna suke atisaye. Sai wasu mutane a Landan, cikinsu har da Roger Casement da Alice Stopford Green da Mary Spring Rice, suka tara kuɗi. Childers da Darrell Figgis suka je Hamburg suka sayo bindigogi 1,500 da harsashi 49,000. Tsofaffin Mauser ne samfurin 1871, masu cin harsashi ɗaya-ɗaya.

Dabarar ita ce a yi amfani da jiragen shaƙatawa, don wa zai zargi Bature da matarsa suna yawon hutu? Ranar 12 ga Yuli wani jirgin ja mai suna Gladiator ya haɗu da su a teku kusa da gaɓar Beljiyam. Jirgin Conor O’Brien, Kelpie, ya ɗauki 600. Asgard ya ɗauki 900 da harsashi 29,000. Mutum shida ne a ciki: Childers, Molly, Mary Spring Rice, wani hafsan sojan Birtaniya abokinsu Gordon Shephard, da masunta biyu daga tsibirin Gola, Patrick McGinley da Charles Duggan. Ɗakin jirgin ya cika maƙil, a kan bindigogin suke kwana, da rarrafe suke shiga. Nauyi ya danne jirgin cikin ruwa fiye da ƙima.

Mako biyu suka yi a hanya. Sun ratsa ta kusa da jiragen yaƙin Birtaniya da suka taru a kudancin Ingila, ba wanda ya bincike su. A tekun Ailan guguwa mai ƙarfi ta same su, Childers ya kwana a kan matuƙi. Duk da haka ranar Lahadi 26 ga Yuli, 1914, wato ranar da aka yi alkawari, Asgard ya shiga tashar Howth kusa da Dublin da rana tsaka. Ɗaruruwan ’yan sa-kai suka kwashe kayan cikin ɗan lokaci.

Ranar ba ta ƙare lafiya ba. ’Yan sanda da sojoji sun tare hanya amma ba su sami abin kirki ba, da sojojin suna komawa bariki jama’a suka bi su da ihu da jifa, sai suka buɗe wuta a titin Bachelors Walk. Mutum uku suka mutu nan take, na huɗu ya cika daga baya, da dama suka ji rauni. Bindigogin Howth kuwa, da su aka yi tawayen Ista na 1916.

Kwana tara bayan haka

Nan ne labarin ya fi ɗaure kai. Ranar 4 ga Agusta Birtaniya ta shiga yaƙi da Jamus, kwana tara kacal bayan Howth, sai ga Childers cikin kakin sojan ruwan Birtaniya. A ganinsa babu saɓani: yana son Ailan ta sami haƙƙinta, yana kuma ganin yaƙin na kare ƙananan ƙasashe ne. Su ma hukumomi sun san ba su da wanda ya san gaɓar arewacin Jamus kamarsa. Aka tura shi jirgin Engadine mai ɗaukar jiragen sama masu sauka a ruwa, kuma ranar Kirsimeti ta 1914 yana cikin waɗanda suka kai hari yankin Cuxhaven, yana nuna wa matuƙi hanya ta saman yashin da ya taɓa aunawa da igiya. Daga baya ya yi aiki a gabashin Bahar Rum, aka ba shi lambar yabo.

Amma kisan da aka yi wa shugabannin tawayen 1916, da yunƙurin tilasta wa ’yan Ailan shiga soja a 1918, sun kashe masa sauran imanin da yake da shi ga Landan. Bayan yaƙi ya koma Dublin da iyalinsa, ya shiga Sinn Féin, ya zama mai kula da yaɗa labaran gwamnatin ’yan gwagwarmaya. A 1921 aka zaɓe shi ɗan majalisarsu.

Yarjejeniya da yaƙin ’yan’uwa

Shi ne sakataren tawagar da ta je Landan tattaunawa a ƙarshen 1921. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar 6 ga Disamba ta ba Ailan gwamnatinta, amma a cikin daula, da rantsuwar biyayya ga Sarki, arewa ta sami damar warewa, Birtaniya kuma ta riƙe wasu tashoshin ruwa. Childers ya ƙi ta ƙememe. Majalisa ta amince da ita da ƙuri’a 64 a kan 57, ƙungiya ta dare biyu, a watan Yunin 1922 yaƙin basasa ya fara.

A nan gida biyun nan suka zame masa masifa. Ingila na kiransa maci amana, Winston Churchill ma ya zage shi a bainar jama’a. A Dublin kuma Arthur Griffith ya goranta masa cewa shi Bature ne na Ingila, wasu har suna raɗa cewa ɗan leƙen asiri ne da aka turo ya raba kawuna. Aikinsa a yaƙin buga jarida ne da ɗan injin ɗab’i da yake yawo da shi a kudancin ƙasar, amma aka riƙa yayata cewa shi ke kitsa hare-hare.

Bayan an kashe Michael Collins a watan Agusta, gwamnati ta kafa kotunan soja, ta ce duk wanda aka kama da makami ba izini yana iya fuskantar kisa. Ranar 10 ga Nuwamba sojoji suka kama Childers a Glendalough House, gidan da aka rene shi. An same shi da ’yar ƙaramar bindigar hannu, wadda Collins ɗin ne ya ba shi lokacin suna tare. Bai harba ta ba. Da ita aka yanke masa hukunci. Lauyoyinsa suka garzaya kotun farar hula, aka ƙi buƙatarsu, suka ɗaukaka ƙara. Ba a jira a saurare ta ba. Da safiyar 24 ga Nuwamba, 1922 aka harbe shi a barikin Beggars Bush, yana da shekara 52. Kafin nan sai da ya bi sojojin da za su harbe shi ɗaya bayan ɗaya ya ba su hannu.

Ya kuma bar wa babban ɗansa, mai shekara 16, wasiyya cewa ya nemi duk waɗanda suka sa hannu a hukuncin ya gaisa da su, kada ya riƙe kowa a zuci. Wannan yaro, Erskine Hamilton Childers, ya shiga siyasa, ya yi minista sau da yawa, aka rantsar da shi shugaban ƙasar Ailan na huɗu ranar 25 ga Yuni, 1973, ranar da ta dace da ranar haihuwar mahaifinsa. Ya rasu a kan kujerar a Nuwamban 1974.

Abin da ya rage

An mayar da gawar Childers maƙabartar Glasnevin a 1923. Molly ta rayu har 1964. Asgard ya bi ta hannun masu shi daban-daban a Ingila, sai a 1961 gwamnatin Ailan ta saye shi aka dawo da shi Howth. An yi shekaru ana koya wa matasa tuƙi da shi, sannan aka ajiye shi a tsohon kurkukun Kilmainham. Bayan gyara na shekara biyar, inda aka yi ƙoƙarin barin ainihin katakonsa, tun 2012 yana gidan tarihi na ƙasa a barikin Collins da ke Dublin.

’Yan tarihi har yanzu suna jayayya kan ko ya yi daidai da ya ƙi yarjejeniyar, tunda ita ce ta zama matakalar da Ailan ta hau har ta zama jamhuriya a 1949. Amma kan zargin cin amana, babu wata hujja da ta taɓa fitowa cewa ya yi wa wani aiki a ɓoye. Duk sanda ya sauya ɓangare, a fili ya yi, ya kuma rubuta dalilinsa. Masu ƙananan jirage kuwa ba su shiga wannan gardama. Duk shekara in zafi ya shigo Turai, za ka ga wasunsu a bayan Norderney da Juist da littafinsa a hannu, suna bin hanyar Dulcibella, suna jiran ruwa ya cika su wuce.